Koren Ɗigon Baba

A gida Auta ake ce mata, a ofis kuwa mai teburin bakin taga, don maganarta ba ta cika wuce gaisuwa ba. Aikinta rubuta manhaja, kuma hannunta ya faɗa a kan abu ɗaya: ta sa allon kwamfuta ya kasa kunne ga takardar da ke ma'ajiyar bayanai ta cikin na'ura, da an taɓa ko harafi ɗaya, nan take ya nuna, ba sai an tambaya ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarta, babanta, tsohon mai gyaran agogo, ya rage shi kaɗai a wani gari mai nisa. Sai ta yi masa abin da ta iya. Ta ɗora masa 'yar manhaja a waya, kullum da safe ya rubuta awon hawan jininsa. Ita kuma ta haɗa kwamfutarta da takardar da awon ke shiga, da ya rubuta, wani koren ɗigo ya ƙyafta mata. Ta ga ɗigo, ta ce alhamdulillahi, da rana ta buɗe kwanon abincinta ta ci ita kaɗai. An ce zumunci a ƙafa yake, nata dai ya koma ɗigo. Kira ya zama na mako-mako, daga nan na wata-wata. Ɗigo ai ba ya tambayar yaushe za ki zo.

Wata Talata tana gyaran wani abu daban ta ci karo da kuskurenta. Layin umarnin da ta ƙara wa manhajar kwanakin baya, mai rubuta "an gani" a takardar duk safiyar da ta kunna kwamfuta, ashe shi ma canji ne. Allo ya ji, ɗigo ya ƙyafta. Kwana goma sha tara ita ke gaida kanta. Awon ƙarshe na tsohon tun farkon wata yake. Tsoro da kunya suka kama ta lokaci guda.

Nan take ta kira shi. Sai a karo na uku aka ɗauka.

"Baba! Lafiyarka ƙalau? Wayar ce ta lalace?"

"Wayar lafiya lau, Auta, ni ma haka."

"To me ya sa ka daina rubutawa?"



"Cewa na yi idan na daina, za ki kira ki yi mini faɗa. Kullum sai na yi wa wayar caji, na ajiye ta kusa da ni."