Hoton Yaya a Allon 'Yan Sanda

Shekara goma sha ɗaya Auta tana aikin shirya ɗaki a kamfanin fim, ba a taɓa ganin fuskarta a talabijin ba. Ita ce mai rataya labule, mai ajiye kofin shayin da aka sha rabi. Idan darakta ya ce yana son ɗakin gwauro, kafin ya rufe baki ta watsa safa a ƙasa. Kayan gidansu ma ba su tsira ba: agogon bangon mahaifiyarsu ya fito a fim huɗu, har tsohuwar kan ce ya fi 'ya'yanta suna.

Sai aka zo yin fim ɗin masu kutse, inda wani ɗan takara ke hayar gwanayen kwamfuta su juya masa sakamakon zaɓe. Darakta, da yake yana son zaman lafiyarsa, ya hana a nuna fuskar ɗan takarar. Ƙeyarsa kawai ake gani, da hannu mai zobe. Amma allon ofishin 'yan sanda, inda ake manna hotunan waɗanda ake nema, nan fa ya ce sai fuskokin gaske, guda shida, yanzu-yanzu.

Biyar ta samu a cikin ma'aikata. Na shidan ta buɗe wayarta ta ciro hoton yayanta, mai gyaran waya a bakin kasuwa, yana sunkuye a kan teburinsa da ɗan sukudireba a hannu. Ta ce a ranta ai daga nesa za a ɗauka. Ko tambayarsa ba ta yi ba, kamar dai agogon.

Ashe hoton ya burge mai kyamara. Ya jawo shi kusa, fuskar Yaya ta cika ko'ina, jarumin fim ɗin ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Wannan ne ke kwashe sirrin mutane in sun kawo gyara."

Fim ya karɓu, ya shiga kowace waya. Shi kuwa Yaya, shekara ashirin mutane na miƙa masa waya, su faɗa masa lambar buɗewa, su tafi harkarsu. Yanzu sai a tsaya masa a ka. Wata ta zare siminta a gabansa kafin ta miƙa. Wani ya ɗaga murya, "Ashe kai ka sace mana ƙuri'a!" Aka kwashe da dariya, har da shi Yaya.

Bai taɓa yi wa Auta maganar ba, kuma shirun nan ne ya fi cin ta. Wallahi da zagin ta ya yi, da ta samu sauƙi. Wata uku tana kauce wa layin shagonsa, tana zagayawa ta bayan masu yadi, don kunya.

Ranar da gilashin wayarta ya fashe, ta ce to, dalili ya samu.

"Yaya, sannu da aiki. Dama ina so in ce maka..."

"Kawo mu gani, Auta."

Ya canza gilashin, ya goge da gefen rigarsa. Saura gwaji. Ta buɗe baki za ta tuna masa lambar, ya ɗaga hannu.

"A'a, kar ki faɗa. Buɗe da kanki."

Ya turo mata wayar, ya juya fuskarsa bango kamar yadda yake yi wa kowa yanzu, yana jira ta gama. Lambar nan shi ya zaɓa mata, ranar da ya kawo mata wayar tana sabuwa.