Gaisuwar Suruki a Gefen Jar Mota

Mijin 'yata ta fari mutum ne mai ladabi, kuma ba ni da abin da zan ce a kan addininsa ko riƙon iyalinsa. Aibinsa guda ne, shi ma a gareji yake kwana: wata tsohuwar mota ƙirar Amurka, ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci, wadda aka ƙera tun ina saurayi a Kano. A mace ya saye ta, aka kawo masa ita a bayan babbar mota, ya ajiye ta a bayan gidansu da ke unguwar Selly Oak a Birmingham, ya shiga yi mata jinyar da ban taɓa ganin an yi wa ɗan Adam ba. A Birmingham aka haife shi, aikinsa na kwamfuta ne, kuma duk abin da ya sani game da injin a waya ya gan shi, daga bakin waɗansu masu gemu da ke magana ta hanci.

Ni kuwa, kafin in zo ƙasar nan in zauna a unguwar Withington a Manchester, na yi shekaru ina shugabantar garejin wata ma'aikata, da direbobi da makanikai a ƙarƙashina. Ban taɓa gaya masa ba. Suruki ba abokin hira ba ne.

Da Allah ya sauki yarinyar nan, matarsa, lafiya, muka hau jirgin ƙasa ni da mai ɗakina, muka tafi suna. An riga an shirya cewa washegari za ta biyo mu Manchester wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ana cikin cin naman suna sai angon ƙarni ya miƙe ya sanar da jama'a cewa a jar motarsa zai kai mai jego da jinjiri, domin doguwar tafiyar motar ta farko ta zama tafiyar ɗansa ta farko. Abokansa suka yi tafi, kamar an ce ya sauke Alƙur'ani.

Daga nan ya ja mu gaba ɗaya zuwa gareji. Ya ɗaga bonet, sai ga injin yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Ya nuna wa abokansa sabon tiyon mai da ya saka, mai rigar azurfa, daga famfon mai zuwa kafireta. Wani ɗalibi ɗan Katsina ya toshe hanci ya ce, "Ango, ai kuwa motarka tana warin fetur."

"Malam, wannan shi ne classic smell," in ji shi. "Mutane nemansa suke yi."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Da ya fito da ita waje don a ɗauki hoto, na dubi inda ta tashi, na ga siminti ya yi damshi, kuma ba a wajen injin ba ne, can baya ne, daidai ƙarƙashin kujerar da za a ɗora jikana a kai. Akwai dogon bututun ƙarfe da ke ɗauko mai daga tanki ya bi ta ƙarƙashin mota har gaba. Abin da ido ke gani ya sake, ya bar wannan yadda ya same shi, tsatsa ta cinye shi, ga shi kuma maƙwabcin salansa ne, bututun hayaƙi. Daga Birmingham zuwa Manchester salansa za ta yi zafin da za a iya gasa masara a kanta.

Ba a tozarta mijin 'ya a gaban abokansa ranar sunan ɗansa. Kuma ni ba na doguwar magana da 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kira ba. Saboda haka na bi hanyar da iyayenmu suka bi, na kira mai ɗakina na ce, "Ki gaya wa 'yarki ta gaya wa mijinta, bututun mai ya ruɓe. Motar nan ba ta ɗaukar jinjiri."

Daga baya na ji yadda saƙon ya yi tafiya. Mai ɗakina ta ga maganar ta yi nauyi ga mai ɗanyen jego, sai ta ce mata, "Babanku yana ganin da an ƙara duba motar." Ita kuma yarinyar ta ga mijinta yana cikin farin ciki, ta ce masa, "Baba ya daɗe yana kallon motarka." Kafin magariba sai ga shi ya zo ya durƙusa a gabana, bakinsa har kunne.

"Baba, an ce motar ta burge ku. Na gode ƙwarai."

Na ce, "Allah ya raya." Me zan ce?

Da safe ya fita da ita ya cika tanki maƙil, ya dawo ya tsaya a ƙofar gida ya kashe, ƙarfen salansa yana ƙas-ƙas saboda zafi. Aka fara loda kaya. Ya ɗaure kujerar jinjiri a baya, yana ja yana gwadawa, yana ba da labarin irin gwajin da aka yi mata kafin a sayar. Ni dai na sa babbar rigata da hulata na fito, na zaɓi wurin tsayuwa a tsanake, dab da tayar baya.

Abu guda mahaifiyarsa ta koya masa da kyau, Allah ya saka mata: idan zai gaishe ni, har ƙasa yake tsugunawa, ba ya ɗaga ido, ba ya tashi sai na sallame shi. Ya zo ya tsuguna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiyar taro?"

"Babu gajiya, Baba."

"Yaya mai jego? Yaya baƙon namu? Ya kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya yunƙura zai tashi. Na tambaye shi mahaifinsa, na tambaye shi mahaifiyarsa. Na tambaye shi kakarsa ta Zariya da ciwon ƙafarta. Na tambayi aiki da mutanen wurin aiki, na tambayi sanyi, na tambayi ruwan jiya ko ya shiga gareji. Gwiwoyinsa suka fara rawa, domin 'yan ƙasar nan a kan kujera aka raine su. Na tambayi lafiyar maƙwabcinsa Bature, wanda ban taɓa gani ba. Duk wannan lokaci idonsa yana kan takalmina, ni kuwa ina matsar da takalmin sannu a hankali, har bakinsa ya kai gefen damshin da ke yaɗuwa a kan kwalta.

"Yaya kuma matar maƙwabcin?"

"Lafiya l..."

Ɗigo ya faɗo kusa da takalmina. Wani ya biyo shi. Ya miƙa yatsa ya dangwala, ya kai hanci, sannan ya kwantar da kai ya leƙa. Da ya ɗago, ba ni ya kalla ba, kujerar jinjiri ya kalla ta taga, ya daɗe yana kallonta.

"Baba," ya ce a hankali, "akwai ɗan issue."

"Allah ya sawwaƙe," na ce. "Tashi mana, ka daɗe a tsugune."

Mai jego da jinjiri da mai ɗakina suka tafi a ƙaramar motar ɗalibin nan ɗan Katsina, wadda angon ya saba kira injin wanki. Ni na ce gajiya ba ta sake ni ba, zan ƙara kwana.

Aka tura jar mota cikin gareji, aka ɗaga ta, ya shige ƙarƙashi da waya a hannu. Na sa aka kawo mini kujera bakin ƙofa, na zauna da carbina. Tun da ba ya kyautuwa in koya wa suruki aiki, sai na riƙa magana da bango. Na gaya wa bango cewa masu hankali suna cire kan batir su juye tanki kafin su taɓa sifana. Da na ji yana shawara da wayarsa a kan ya yanke wurin da ya ruɓe ya haɗa da guntun tiyo, na shaida wa bango cewa a garejin da na sani, wanda ya yi wa bututun mai faci, ranar yake ajiye aiki. Bango bai amsa ba, amma na ji an ajiye zarto.

Da ya kwance tsohon bututun, a hannunsa ya karye kamar busasshen kara. Ya sayo sabo a naɗe. Na farko ya lanƙwasa shi da ƙarfin tsiya har ya tsuke, na ce wa bango a jikin kwalba ake bi da shi a hankali. Ya buɗa bakunansa, ya ɗaure shi da maɗaurai a jikin ƙarfen mota, nesa da salansa. Ya fito fuska duk tsatsa, ya zuba mai, ya tayar. Muka zuba wa siminti ido, ni da shi da bango. Ko ɗigo.

Da aka gama wanka ya zo Withington ɗaukar iyalinsa, rugugin motar ya fito da rabin layinmu. Ina daga falo ina jin sa yana gaya wa samari yadda ya gano matsalar. "Ido ne kawai," in ji shi. "Kallo ɗaya na yi mata na yi spotting." Mai ɗakina ta dube ni, na ci gaba da jan carbi.

Da za su tafi na fito, na tsaya inda na tsaya a wancan karo, dab da tayar baya. Ya zo ya tsuguna. Kafin ya ce ina wuni, sai da ya saci kallon ƙarƙashin motar. Ni ma na duba. Kwalta a bushe take, iska kuma ba ta ɗauke da komai sai ƙamshin turaren mai jego.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau. Tashi ka ɗauki ɗanka."