Mai Raka Kowa Ya Ƙi Rakiya

A Kaura Namoda, in zif ɗin jakarka ya ƙi rufuwa ana gobe tafiya, ba sai ka yi tambaya ba, kowa zai nuna maka rumfar Maitama da ke bakin tasha. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a wurin, da keken ɗinkinsa na ƙafa, da gwangwanin madara cike da kawunan zif, da guntun kyandir da yake goga wa wanda ya yi taurin kai. Gajere ne mai faɗin goshi, ga surutu kamar an ba shi kwangilarsa. Kafin ya gama ɗinke maka hannun jaka ya san inda za ka, da wurin wanda za ka, da abin da ya hana ka tafiya bara.

Amma ba gyaran jaka ne ya yi masa suna ba, rakiya ce. Maitama ba ya iya ganin mai tafiya ƙasar waje ya zauna. Zai gyara jakar, ya ce bari ya kai ta mota kada 'yan lodi su sake ɓalla ta. Ya kai, ya ce bari ya ga yadda za a ɗaure ta. Sai dai matarsa Ladidi ta ji labari a bakin maƙwabta wai an hango shi a kujerar gaba an nufi Sakkwato. Ya raka alhazai, ya raka masu Umra, ya raka ɗalibai masu zuwa Masar, har da marasa lafiya da za a kai Indiya. Ya san filin jirgin Sakkwato da na Katsina da na Kano, ya san inda ake samun inuwa da mai shayin da ba ya rowar madara. Shi kansa kuwa bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Dokarsa guda ce, kuma duk garin an san ta: ɗan rakiya ba ya juyawa sai ya ga jirgi ya ɗaga da idonsa.

Da hanyoyi suka lalace, ba lalacewar kwalta ba, ta masu tare mutane da bindiga, sai rakiya ta ja baya. Maitama ma ya rage, ko da yake Ladidi ta ce ragewarsa ta fi ƙarawar wasu.

Ana nan sai 'yarsa Naja'atu, wadda take aikin jinya a wani asibiti a Madina, ta haihu. Ta bugo waya ta ce ita da mijinta sun shirya komai, Baba da Inna su zo su ga jika su yi Umra, tare da yayanta Kamaluddeen da matarsa da yaransu biyu. Mutum shida ke nan. Ran nan Maitama bai ɗinka ko hannun jaka ɗaya ba. Ya shiga kasuwa ya sayo sabon akwati, ya dube shi sama da ƙasa, ya farke zif ɗin kamfani ya sa nasa, wai bai yarda da aikin da bai ga mai yinsa ba.

Labari ya zaga gari. Duk wanda Maitama ya taɓa rakawa ya ce wannan karon sai an rama wa kura aniyarta. 'Yan tasha suka yi alkawarin bas ɗaya, 'yan kasuwar hatsi suka ce nasu daban, abokansa na Shinkafi suka aiko cewa a ajiye musu kujeru. Yayarsa Hindu, tsohuwar da ta goya shi yana jariri, ta taso daga Zurmi tun saura mako biyu, da ƙullin ƙuli-ƙuli da sabon mayafin da ta ce na zuwa filin jirgi ne.

Kada mu ɓoye wa juna gaskiya. Maitama yana ɗokin ganin Ka'aba, yana ɗokin ɗaukar jikarsa, amma akwai wani ɗoki na uku da bai faɗa wa kowa ba. Yana son ranar nan ya juya a ƙofar filin jirgi ya ga mutanensa tsaye cike da fili, shi ma sau ɗaya a ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana son wannan, kuma ba ya jin kunyar sonsa.

Kamaluddeen, wanda yake aiki a ofishin rajista na kwalejin kimiyya ta garin, mutum ne mai tsari, shi aka bar wa zaɓen inda za a tashi. Ya zauna da takarda da waya ya auna hanyoyin. Katsina ce kusa, amma sai an bi ta Zurmi da Gurbin Bore, wannan kam ya soke ta ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Kano akwai jirgi kai tsaye, sai dai nisa, ga yara ga tsofaffi, kuma duk sa'ar da aka ƙara a kan hanya ƙarin fargaba ce. Saura Sakkwato: a fita da hantsi, a isa da azahar, a hau ƙaramin jirgi bayan la'asar zuwa Abuja, can a shiga babban. Ya kawo wa mahaifinsa lissafin. Maitama ya amince tun kafin a gama karanta masa, ya yaba hankalin yaron, alhali abin da ya gani kawai shi ne Sakkwato ba ta fi ƙarfin bas uku ba.

Washegari ya je wurin Dikko, tsohon direban da suka yi shekaru suna rakiya tare, don a tsayar da maganar motoci. Dikko yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kakkaɓe hannu.

"Kaiwa ba wuya, Maitama," in ji shi. "Maidowa hwa? Jirgin ga sai bayan la'asar shika tashi, in ma bai yi latti ba. Kuma kai da bakinka kah hana a juya sai ya ɗaga."

Maitama ya buɗe baki zai ce ai sai su kwana can, ya rufe. Ya san mutanensa. Kaka ce, gero yana gona yana jiran yanka, mata sun baro yara, 'yan kasuwa sun baro rumfuna. Da jirgi ya ɗaga wani zai ce mu dai mu kama hanya, Allah yana nan, sauran su bi shi. Ya san haka za a yi domin shekara da shekaru shi ne mai faɗin wannan maganar. Takardar Kamaluddeen ta ƙirga mutum shida masu tafiya da rana tsaka, ba ta ƙirga hamsin ɗin da za su juyo rana tana faɗuwa ba, cikinsu har da Hindu.

Ya koma rumfa ya zauna, keken ɗinki a gabansa, bai taka ba. Ya gwada dabarar a tashi ta Sakkwaton amma a hana rakiya, ya ga ba za ta yi ba, kusa ce, ko ya hana za su biyo shi a baya suna dariya. Wurin da ba za su iya bi ba shi ne wanda sai an kwana biyu, a cikin kaka. Ransa ya ɓaci sosai da ya gane amsar, don ya so a ce wata ce daban.

Da yamma ya kira Kamaluddeen ya ce a mayar da tafiyar Kano. Yaron ya yi mamaki, ya tuna masa nisan, da cewa hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ita ma ba a yi mata shaidar kirki ba. Maitama ya ce ya sani. Ya ce za su fita kwana biyu kafin ranar, mota ɗaya, sai hantsi ya dubi ludayi hanya ta cika da motoci, Dikko ne zai ja, kuma sai ya tambayi waɗanda suka shigo da safe labarin hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kamaluddeen ya sake duban takardarsa, ya ninke ta ya sa aljihu.

Saura aiki mai wuyar, wato mayar wa mutane alherinsu. Maitama ya bi su gida gida da ƙafarsa, yana ba da haƙuri kamar wanda ya yi laifi. 'Yan tasha suka yi ta yi masa tsiya, wai ashe wanzami ba ya son jarfa. 'Yan hatsi suka ce ya ji daɗin birni tun bai je ba. Ya yi dariya tare da su, wasu ma ya ga kamar sauƙi ya sauka a fuskarsu, sai dai ba wanda ya furta. Hindu ce ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta same shi a zaure, mayafin a hannunta.

"Ni da nig goya ka, ni za ka hana in ga tashinka? Mi na yi maka?"

"Ba ki yi man komi ba, Yaya," ya ce, kansa a ƙasa. "In ni ina sama ke kina hanya, wace Umra za ni yi? Hankalina na nan baya."

Ta ce ita ta ga shekarun da bai gani ba, kuma ajali ba a hanya kaɗai yake ba. Ya ce haka ne. Amma bai janye ba. Ta shige cikin gida, kwana biyu tana amsa gaisuwarsa da ka.

Ranar tafiya unguwa ta fito aka taka musu zuwa tasha, aka yi addu'a, aka cika musu mota da ƙullin tsaraba har Dikko ya fara faɗa. Suka isa Kano lafiya kafin la'asar, suka sauka gidan wani abokin Kamaluddeen. Dikko ya kwana, ya juya da safe, don Maitama ya ce dokar jiran tashin jirgi ta tsufa.

Ranar tashi, a ƙofar shiga, wasu iyalai suna ta rungume-rungume da koke-koke, kowa da tawagarsa. Maitama ya juya. Ba fuskar da ya sani ko ɗaya, sai masu tura kaya da direbobin tasi. Abin ya yi masa ciwo, ciwo na gaske, har ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ladidi ta gani, ta kau da kai don kada ta ƙara masa.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Hindu ce, kuma da faɗa ta fara, wai ya tafi bai nuna inda ya ajiye dussar awaki ba. A bayan muryarta yana jin gidansa sarai, ana daka, awakin suna kuka, wata maƙwabciya tana ƙwala wa wata kira ta katanga. Ya bari ta gama.

"Yaya, kowa na gida?"

"To ina za mu, tunda ka hana mu? Kowa na nan. Allah shi kai ku lahiya, ɗan nema."

Maitama ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa, ya goge da hannun riga. Ya ja akwatinsa ya bi bayan jikokinsa ciki.