Numfashin Baba Ummaru

Ku da kuka fara aiki bana, akwai ranar da ba na mantawa da ita, ranar da na kusa suma a bakin aiki alhali majinyacin yana kwance garau.

Lokacin ina ƙaramin nas, an tura ni horo daga Talata Mafara zuwa wani babban asibiti, sashen da ake ƙone ƙari, wato tsiron da kan fito a ƙoda, ba tare da tiyata ba. Likita na kallon hoton cikin mutum a na'ura, ya zura allura har cikin ƙarin, ya tura ruwan sanyi tsakanin ƙoda da hanji don kada zafi ya taɓa hanjin, sannan ya kunna wuta a bakin allurar. Wahalar ita ce ƙoda tana motsi da numfashi, dole majinyaci ya ɗauke numfashi sa'ad da ake saita allura.

Aka kawo Baba Ummaru, tsohon masunci daga wajen Maradun. Ƙodarsa ɗaya ce ke aiki, ƙarin kuma ya jingina da hanji. In allura ta kauce, ko ƙodar ko hanjin.

Da muka gama gaisawa, har da tambayar mutanen gida da damina, na yi masa bayani. Dabarata a lokacin ita ce in ɗauke numfashi tare da majinyaci. Na ce masa kada ya shaƙa sai ya ga na shaƙa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to. Ashe mutumin tun yana yaro yake nutso a gulbi, kuma a wurinsu wanda ya fara ɗago kai shi ne rago.

Likita ya ba da alama, muka ɗauke. Da ya ga hoto ya tsaya cak kamar an manna shi, sai ya ji daɗi, ya shiga gyara allura a tsanake, har yana yaba majinyacin. Ni kuwa ƙirjina ya cika, kunnuwana na ƙugi, idanuna sun firfito. In na shaƙa, tsoho ya shaƙa, ƙoda ta motsa. Wallahi na ji tsoro. Baba Ummaru ya kafe ni da ido, ko gezau.

Da likita ya ce allura ta zauna, sai ji na yi na zube kan kujera ina haki. Tsoho ya saki numfashi a hankali, ya ce, “Ɗana, har ka hito? Ni ko ƙasa ban kai ba.”

An ƙone ƙarin, hanji bai ji komai ba, ya koma gida da ƙodarsa. Bayan wata biyu ya aiko mini da bandar kifi, da saƙon wai in ci in yi ƙarfi.

Tun daga ranar, kafin in tambayi majinyaci inda ke masa ciwo, sai na tambaye shi sana'arsa.