Gangar da 'Yata ta Sa wa Begen Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da na shiga ajin koyon karatu na manya a Woolwich, unguwar da muke zaune a Turai, malamarmu ta ce kowa ya rubuto wani abu da ya haddace tun yana yaro, da kowane harshe. Na zaɓi wata waƙar begen Annabi da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake rerawa idan yana ɗinkin hula. Ba a taɓa rubuta ta ba, kuma cikin 'ya'yansa ni kaɗai na riƙe ta.

Matsalar ita ce bakina ya fi hannuna sauri. Kafin in rubuta kalma biyu, baitin ya wuce. Sai na roƙi 'yata, wadda take sakandare, ta naɗi muryata a wayarta don in riƙa saurare ina tsayarwa.

Bayan wata guda ta zo mini tana murna. Ashe a darasin kiɗa an ba su aikin jarrabawa: su kwatanta waƙar ibadar da mutanen coci suke yi a Turai shekaru ɗaruruwa da suka wuce da waƙoƙin zamani, sannan kowa ya haɗa tasa. Ta kunna mini waƙar mutanen cocin. Maza ne suke jan murya ɗaya a hankali, ba ganga, ba molo, kamar ba su da wani wurin zuwa.

Na ce, "Addininmu ba ɗaya ba ne, amma waɗannan sun san abin da suke yi. Haka kakanki yake ja."

Ta ce, "Shi ya sa, Abba. Saurari wannan."

Muryata ce. An yanka ta gunduwa-gunduwa, an ɗora a kan wata ganga mai dukan ƙirji. Baiti na uku yana ta maimaituwa kamar kaset ya maƙale.

"Wa ya ce ki sa wa kakanki ganga?"

Ta amsa da Turanci kamar kullum, wai waƙoƙin da ba su da abin da kunne zai kama, babu ɗan ajinsu da zai ji har ƙarshe. Na ce mata waƙar bege da numfashi ake auna ta, inda numfashin mutum ya ƙare nan baiti yake tsayawa. Ganga kuwa ba ta jiran kowa, korar kalmomin take yi.

"Ranar Juma'a zan yi submit, in miƙa aikin, Abba. Malamin ya ce za a sa ta a gaban duk makaranta."

Mahaifiyarta, da nake zaton za ta tsaya mini, ta leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, ni fa na ga ƙafarka tana motsi."

Na ce ƙaiƙayi ne.

Kwana biyu ina bin yarinyar nan da lallashi. Na ce ta sa wa kowace waƙa ganga, har da ta talla, amma ban yarda yara su yi rawa da yabon Manzo da muryata ba. Ta ce aikin wata guda nake so ta zubar. Na ce eh. Ta yi kuka, ta daina yi mini magana, sai dai ta aiko ta bakin uwarta.

A ƙarshe ta cire gangar, ta cire muryata ma don haushi. Ta rera da kanta, ta sa wata murya a ƙasa tana riƙe sauti ɗaya, yadda ta ji mutanen cocin suna yi. Makin da ta samu bai kai wanda take so ba, kuma waƙar wani yaro aka sa a taron makarantar. Har yau tana yi mini gorin wannan idan mun saɓa.

Ban yi nadama ba, ko da yake na san da na tambayi abin da za ta yi da muryar tun farko, da ba ta yi asarar wata guda ba. Garin yanka da liƙawa ta haddace waƙar kaf, yarinyar da ba ta iya gaishe ni da Hausa sai an matsa mata. Yanzu tana jami'a. Duk sanda ta zo hutu, ina jin ta tana rerawa wurin wanke-wanke, tana dukan murfin tukunya daidai inda ta taɓa sa gangar. Na yi magana sau ɗaya, ta ce, "Abba, cokali ne." Tun daga nan sai in tashi in rufe ƙofar falo, amma ba na rufe ta duka.