Ranar da Kawu Ya Cire Takalmi a Guangzhou

Ana kiran assalatu muka bar Kano, ni da kawuna, muka nufi Legas. Jirgin sama ya sauke mu a Hong Kong, na ƙasa ya ƙarasa da mu Guangzhou. Ni kayan gyaran keken ɗinki na je saro. Kawu kuwa alkawari ya je saukewa.

Tun yana saurayi yake jam'iyyar talakawa. 'Yan doka suka yi masa bulala a bainar jama'a, suka kulle shi tare da amininsa, wani marini. A gidan yari suka ji labarin ƙasar nan da muka je, inda manoma suka ƙwaci mulki, suka yi rantsuwa duk wanda ya fita zai je ya gai da kaburburan waɗanda suka mutu a wannan gwagwarmaya. Marini bai fito da rai ba. Kawu ya tsufa da wannan nauyi, kuma tun da soja suka sake tsare shi ya bar zancen siyasa, ko rediyo ba ya kunnawa.

Garin Guangzhou akwai zafi mai sa gumi, kekuna da babura kamar tururuwa, gada a kan gada. A benen Tianxiu, inda 'yan kasuwarmu suka fara kama shaguna, ka ji Hausar Maraɗi, ka juya ka ji ta Kumasi. In ba su da abin da kake nema a ce maka "meyo", in akwai a miƙo na'urar lissafi ku yi ciniki da yatsa. Kaya da araha, har mutum ya fara zargin kansa. Taliyar da Musulmin ƙasar ke ja da hannu muka dogara da ita. Kawu ya kara da tsinken cin abincinsu, ya sha kaye, ya wanke hannu ya ci abinsa kamar tuwo.

Ranar Juma'a wani ɗan Maraɗi mai jin Sinanci ya raka mu lambun da aka binne 'yan juyin juya hali. A bakin ƙofa Kawu ya cire takalmi ya saƙale a hammata, ya yi sallama irin ta shiga maƙabarta. Muna shiga sai ga tsofaffi suna rawa, wasu na kati a inuwa, kowa yana kallon ƙafar Kawu. Kunya ta kama ni, shi kuwa ransa ya ɓaci.

"Rawa a kan kabari? Ƙasar da muka sha bulala muna mafarkinta ke nan?"

Wani tsoho ya bar rawar ya zo yana nuna ƙafar Kawu. Ɗan Maraɗi ya yi masa bayani, Kawu ya ɗaga riga ya nuna tabon bulala. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo yatsunsa, duk a karkace.

"Baba, wai shi ma kaso ya yi," in ji ɗan Maraɗi. "Amma shi jam'iyyar da ya yi wa wahala ce ta kulle shi."

Kawu ya ce a tambayi tsohon me yake wa rawa a nan.

"Wai abokansa da ba su fito ba sun fi shi iya rawa," in ji ɗan Maraɗi. "Shi ya sa ya zo. Tasu yake yi musu."

Sai tsohon ya sunkuya ya cire nasa takalmin. Tare suka taka har gaban tudun kabarin, ƙafa ba takalmi. Kawu ya ce, "Ga gaisuwar marini na kawo muku." Ni kam sai da na share hawaye, ba zan ɓoye ba.

Muka loda kaya a tashar ruwa ta Huangpu, muka dawo gida muka tarar ana ta raɗe-raɗin soja za su miƙa mulki. Na koyi cewa zalunci ba shi da jam'iyya, kuma wanda ya tsira daga gare shi bai kamata ya binne kansa da rai ba. Washegari na leƙa gai da Kawu, na same shi yana kakkaɓe tsohuwar rediyonsa.

"Kai, tsaya nan kana kallona," ya ce. "Jeka sayo min batir."