Na Ɗaura Igiyar Kare a Kan Cikina na Fari

Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya. 'Yar Damagaram ce ni, ina zaune a Aubervilliers, gefen birnin Paris, da maigidana, mai aikin sauke kaya a babbar kasuwar Rungis. Shekararmu takwas da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Aikina kula da wata tsohuwar Baturiya a Paris, wadda nake kira Madam, in dafa mata abinci, in taimaka mata ta yi wanka. Maigidana ya san da wannan. Abin da bai sani ba shi ne Madam tana da kare, ƙato kamar ɗan maraƙi, wanda mijinta ya mutu ya bar mata, kuma ni ke fita da shi safe da yamma. To ta ina zan fara faɗa? A ce an ga matar Malam, mai jan abokan aikinsa salla, tana bin kare da leda tana kwashe masa kashi! Wallahi kafin la'asar labarin ya kai Barbès, unguwar da mutanenmu ke taruwa a Paris, kafin magariba ya sauka Damagaram.

Karen ba shi da mugunta, amma akwai ja. Da ya hango tantabara sai ya fizge ni har kafaɗata ta amsa. Ga igiyar kullum jiƙe da yawunsa, ina ta wanke hannu har fatata ta tsage. Da 'yar Madam, wadda ke zaune a Lyon, ta zo ziyara ta ga wahalata, sai ta sayo mini wata ɗamara da ake ɗaurawa a ƙugu a maƙala igiyar kare a jikinta, hannu bai riƙe komai. Ta nuna mini maɓallin da ake dannawa ɗamarar ta saki nan take, ta ce ya zauna a gaba kullum. Ta ce kuma ɗamara ba ta hana ja, sai an koya masa: in ya ja in tsaya cak, kada in ɗaga ƙafa sai igiya ta yi sako-sako, in ya dawo gefena in ba shi ɗan nama a tafin hannu. Na ce mata to. Amma ni abu biyu kawai na gani, hannuna ya huta da yawu, hijabina kuma zai rufe ɗamarar. Harshen kare a tafina kuwa, Allah ya kiyaye. Naman nan a kwanonsa nake juye shi gaba ɗaya, don haka bai koyi komai ba.

Ana haka Allah ya ba ni ciki. Na yi kukan murna, na yi ta gode wa Allah. Innata ta ja mini kunne a waya, ta ce in kama bakina, cikin fari ba a tallarsa, ga baki ga ido. Ni ma kunya ba za ta bar ni in faɗa wa Madam ba, ga tsoron kada a sallame ni. Har wata shida Madam ba ta gane ba, sai tsokanata take yi wai burodin Faransa ya karɓe ni. Da ciki ya turo sai na sauke ɗamarar ƙasa da shi, maɓallin kuma da ya fara danna ni sai na juya shi baya. Duk fitar da zan yi, ina tafe ina raba ido kada mage ko tantabara ta gifta, ina kuma duba fuskoki kada in haɗu da ɗan garinmu. Kullum sai in ce gobe zan faɗa wa Madam, goben ta zo in kasa.

Da zafi ya shigo Madam ta tafi hutu wurin 'yarta a Lyon, da ni da karen. Gidan yana kan tudun Croix-Rousse, inda ake sauka ta dogayen matakala na dutse. Safiya ta uku muna saman matakalar na ga kunnuwansa sun miƙe. Mage ce a ƙasa. Hannuna ya kai gaba yana laluben maɓalli, babu, yana can baya ƙarƙashin hijabi. Ban san matakala nawa ya ja ni ba, na dai ji cikina ya daki dutse. Wata mata ce ta ɗage hijabin ta kwance ni, karen kuwa yana tsaye a kaina yana kuka ƙasa-ƙasa. Da na ga jini a zanena sai salati.

A asibiti ungozoma ta ɗora na'ura a cikina tana yawo da ita, shiru. Ta matsa can, shiru. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa. Can sai ga sauti kamar lugude daga nesa, ta ce zuciyar jaririn ce ke bugawa. Likita ta ga jan shatin da ya zagaye marata ta tambayi mene ne, dole na faɗa. Da Madam ta ji ta yi kuka, ta ce da ta sani ko bakin ƙofa ba za ta bar ni in kai karen ba. Maigidana ya biyo jirgin ƙasa ya iso da yamma, na kwashe komai na gaya masa ina jiran faɗa. Bai yi ba, kuma da ma faɗan ya yi. Cewa ya yi shekara takwas muna roƙon Allah, ashe bakin mutanen Barbès ya fi mini abin da ke cikina nauyi.

Sati uku ina kwance ba motsi, sannan na haifi 'yata bakwaini. Ta daɗe a kwalba, ina leƙenta ta gilashi ina ƙirga numfashinta. Da-na-sani ƙeya ce, amma ga abin da na koya. 'Yan uwana mata masu irin aikina, kada ku ɗaura wa jikinku karen da bai daina ja ba, kada ku juya maɓalli inda hannu bai kai. In kuna ƙyanƙyamin yawu, akwai safar hannu. Mai ciki kuwa ko kusa kada ta soma, ta buɗe baki ta faɗa, don kunyar da aka koya mana ba ta ce a kashe ɗa ba. Mutanen da na ji tsoron bakinsu har yau ko ɗaya bai san abin da ya faru ba. 'Yata kuwa shekararta biyu, tana gudu tana ɓarna, amma duk lokacin da ta yi barci sai na kai kunnena kan ƙirjinta na ji luguden nan kafin hankalina ya kwanta.